An rubuta mini "divergent" a takardar auna ƙwazo, shin zagina aka yi?

Assalamu alaikum Anti, ya gida ya iyali? Shekarata 27, ina aiki da wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata da ƙananan yara a karkara, bana ce shekarata ta biyu. Aikina shi ne shiga ƙauyuka in tara mata a yi musu bayanin awon ciki da rigakafi. A makon jiya shugabar sashenmu, wadda ba Bahaushiya ba ce, ta ba ni takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara. Ta yaba mini a wurare da dama, amma can tsakiya sai ta rubuta: "Her views on community outreach are often divergent from those of the team." Wato wai ra'ayina kan kai saƙo ga jama'a sau da yawa "divergent" ne da na abokan aikina. Na duba a waya, na ga an ce kalmar tana nufin abin da ya bi wata hanya dabam. Da na nuna wa wata abokiyar aikina sai ta ce ai fanɗararriya aka kira ni a fakaice, kuma duk wanda aka rubuta wa haka ba a sabunta masa kwantiragi. Gaskiya muna yawan saɓawa a taro. Su suna son a riƙa tara mata a asibiti da ƙarfe 10 na safe, ni kuma na ce lokacin mata suna tsakiyar aikin gida, wasu ma ba sa fita sai da izinin maigida, gara a bi ta hannun mai unguwa a shiga gida-gida bayan la'asar. Yau kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Har na rubuta takardar ajiye aiki, don gara in tafi da mutuncina da a kore ni. Mahaifiyata ta ce in dakata. Anti, mece ce ainihin ma'anar wannan kalma, kuma ina mafita?

Wata 'yar'uwa daga Jihar Jigawa

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce mata ta yi daidai da ta riƙe ki. Ba a zage ki ba. Ƙawarki ta ɗauko wata kalma ce dabam ta ɗora a kan taki, zan kuma nuna miki wadda ta ɗauko. Amma ba zan ce miki ki share zancen ki kwanta ba, don akwai abin dubawa a cikin jimlar nan. Sai dai ba a wurin da kike zato yake ba.

Ki ɗauko babbar rigar maza ki shimfiɗa a kan tabarma. Jiki ɗaya ne, yadi ɗaya ne, tela ɗaya ne ya ɗinka. Amma daga kafaɗa hannu ɗaya ya nufi gabas, ɗaya ya nufi yamma. Abin da Bahaushe ya gani ke nan da ya ce wane da wane sun yi hannun riga. Na koyar da Turanci shekaru masu yawa, ban taɓa samun hoton da ya kama wannan kalma kamar wannan ba. Asalinta daga Latin ne: guntun farko yana nufin rabuwa, na biyu kuma, "vergere", yana nufin karkata. Wato karkata daga juna. Ta shiga Turanci ne a ƙarni na 17. Inda kalmar ta fi karin maganarmu sauƙi shi ne, mu idan muka ce an yi hannun riga, yawanci akwai ɓacin rai a ciki, an raba gari ke nan. Ita kuwa ba ruwanta da fushi. Tana faɗin yadda hannayen rigar suka kwanta ne kawai.

Ko ki ɗauki motoci biyu da suka taso daga Kawo a Kaduna, suna bin juna har Mararraban Jos. Ɗaya ta miƙe Zariya, ɗaya ta karya ta nufi Pambeguwa da Saminaka. Daga nan duk tafiyar da suka ƙara, ratar da ke tsakaninsu ƙaruwa take yi. Bature zai ce hanyoyin nan "divergent" ne. To wace mota ce ta yi laifi? Babu. Kalmar ba ta nuna wanda ya ɓata ba, ba ta kuma nuna wanda yake kan daidai ba. Idan ra'ayinki ya karkata daga na abokan aikinki, nasu ma ya karkata daga naki da daidai wannan awon. Ki riƙe wannan da kyau, don a kansa duk sauran maganata za ta zauna.

A nan ne ta bambanta da "different", wadda kowa ya sani tun firamare. Akuya da keke "different" ne, amma ba wanda zai ce "divergent" ne, don ba su taɓa tasowa daga wuri ɗaya ba. Sai abu biyu sun haɗa tushe, ko suna magana a kan batu ɗaya, sannan kowa ya kama gabansa, kalmar take dacewa. Sakkwatanci da Kananci misali ne mai kyau: harshe ɗaya, amma yau wannan ya ce "hwari" wancan ya ce "fari", wannan ya ce "ɗiya" wancan ya ce "'ya'ya". Kishiyarta ita ce "convergent", daga aikatau "converge", haɗuwa wuri ɗaya bayan an taho ta hanyoyi dabam-dabam, kamar yadda Kogin Kwara da Binuwai suke gamuwa a Lakwaja. Ki ajiye wannan kalmar ma, za ta yi miki amfani ranar da za ki shiga ofishin shugabarki.

Kalmar da ƙawarki ta ji a kunnenta ita ce "deviant". Wannan kam mummuna ce. Ita ma daga Latin take, amma daga "via", wato hanya, ma'anarta wanda ya sauka daga kan hanya. A cikinta akwai hukunci: ga miƙaƙƙiyar hanya da jama'a suka yarda da ita, wane ya kauce. Ita ce fanɗara, ita ake jifan masu lalata da masu munanan ɗabi'u da ita. Da ita aka rubuta miki, da ni ma zan ce ki tashi tsaye, kuma ba shugaba mai hankali da za ta sa ta a takardar ma'aikaci don sun saɓa kan lokacin taro. Akwai wasu 'yan uwan rikici guda biyu da ɗalibaina suke yawan cakuɗawa. "Diverse" tana nufin iri-iri, kamar kayan kasuwar Kurmi, ba lallai akwai saɓani ba. "Diversion" kuma ita ce allon da kike gani a titi idan ana gyara, an karkatar da motoci ta wata hanya. Duk sun fara da harafi ɗaya, shi ya sa kunne yake ruɗewa, amma kowace da gidanta.

Yadda ake amfani da ita kuwa, sifa ce, kuma ta fi son zama kusa da sunaye masu jam'i, tunda sai an kai biyu ake rabuwa: "divergent views", "divergent opinions", "divergent interests", "divergent paths". Ki buɗe jaridun Turanci na ƙasar nan bayan duk wata muhawarar majalisa, da wuya ki rasa ganin an ce 'yan majalisa sun bayyana "divergent views", ba kuwa wanda ya ɗauka zaginsu aka yi. Idan za a ambaci abin da aka rabu da shi, "from" ake sawa, kamar yadda shugabarki ta yi, ba "with" ba, ba "to" ba. Aikatau ɗinta "diverge", sunanta "divergence". Idan ana son a nuna ratar ta yi faɗi sai a ce "widely divergent" ko "sharply divergent". Ki koma ki duba takardarki: ba ta sa ko ɗaya ba. Sannan ki lura da abin da sifar ta hau kai. Ba a ce ke ce "divergent" ba, ra'ayinki aka ce, shi ma a kan abu guda, yadda za a kai saƙo ga mata. Ba a taɓa halinki ba, ba a taɓa amanarki ba, ba a taɓa zuwanki aiki a kan lokaci ba.

Kalmar ma tsohuwar 'yar gida ce a wurin masana kimiyya, inda ba yabo ba zargi. Idan kin yi Fiziks a sakandare, gilashin tabarau na masu rashin hangen nesa shi ne wanda ake kira "diverging lens", don yana baza hasken da ya ratsa shi. Masana ƙasa kuma suna kiran wurin da manyan falalen dutse biyu na doron duniya suke janyewa daga juna "divergent boundary". Bahar Maliya da kakanninmu suke ƙetarawa daga gaɓar Sudan zuwa Jidda a kan irin wannan tsaga yake kwance. Ƙasar Larabawa tana matsawa daga Afirka da abin da bai kai santimita 2 ba a shekara, abin da ido ba ya gani, amma ga shi ya zama teku. Har ma akwai inda kalmar ta zama kirari. A shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke, J. P. Guilford, ya raba tunani gida biyu: wanda yake tattaro hankali ya nufi amsa ɗaya, da wanda yake bazuwa ya kawo amsoshi da yawa ga tambaya guda, ya kira na biyun "divergent thinking". Ki ba yaro gwangwanin madara ki ce me za a yi da shi. Wani zai ce a yar. Wani zai ce a yi mota, a yi awon gero, a yi asusu, a yi fitila. Na biyun nan shi ma'aikatu suke cewa suna nema a tallan ɗaukar aiki, ko da yake, a bar wa ciki, da yawansu idan sun same shi ba sa sanin yadda za su yi da shi.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da malamai suke kira ihtilafi, masu fassara littattafan fiƙihu zuwa Turanci sukan ce masa "divergence of opinion". Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya daga tushe ɗaya suka sha, suka saɓa a rassa, ba kuwa wanda ya kira Imam Shafi'i fanɗararre don ya saɓa wa malaminsa Imam Malik a wasu mas'aloli.

To yanzu ga ɓangaren da ba zai yi miki daɗi sosai ba. Ƙamus yana ba ki ma'anar kalma ne, ba ya ba ki nufin mai rubutu. Turancin ofis kuwa Turanci ne mai lulluɓi, ana faɗin abu kaɗan a bar mai karatu ya cike sauran. Kalmar da ta tsaya mini a jimlar nan ba wadda ta hana ki barci ba ce, ƙaramar da ke gabanta ce, "often", wato sau da yawa. Shugaba ba ta zama ta rubuta cewa ana yawan saɓawa da ma'aikaciya sai abin ya tsaya mata a rai. Ruwa ba ya tsami banza. Mai yiwuwa tana nufin kina kawo abin da sauran ba sa gani, tana so a san da haka. Mai yiwuwa kuma tana nufin taro yana tsawo saboda ke, an gaji. Daga nan inda nake ba zan iya rabewa ba, ke ma ba za ki iya ba idan kika tsaya a kan jimlar ita kaɗai. Ki duba a ƙarƙashin wane kan magana ta zo, wajen abin yabo ne ko wajen abin da ake so a gyara? Wane maki aka ba ki a wannan layin? Mece ce jimlar da ta biyo baya? Idan ta fara da "however" ko "but", ki karanta abin da ya biyo da natsuwa, a can saƙon yake.

A kan batun kansa, ina tare da ke. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san ƙarfe 10 na safe mace tana tsakanin shara da wanke-wanke da surfe da ɗora sanwar rana, ya kuma san saƙon da bai bi ta ƙofar mai unguwa da liman da masu gida ba, a zaure yake kwana. Wannan sanin shi ne abin da kika fi wasu abokan aikinki, watakila ma don shi aka ɗauke ki. Amma su ma ba lallai rashin sani ne ya sa suke son safiya ba. Akwai motar ofis da dole ta dawo kafin duhu, akwai halin da hanyoyi suke ciki, akwai ma'aikatan asibiti da suke tashi da rana, akwai kuɗin da aka ware wa kowace fita. Kin taɓa tambayarsu dalilinsu har suka gama faɗa ba ki katse su ba? Ba na tuhumarki, tambaya nake yi. Ni kaina a farkon koyarwata, a wata makaranta da ba sai na faɗi sunanta ba, na yi shekara guda ina ja da shugabanmu a gaban malamai kan yadda za a koyar da rubutun insha'i. Gaskiyata ce, daga baya ma tsarina aka bi. Amma ban samu hakan ba sai ranar da wata dattijuwar malama ta ja ni gefe ta ce, ke 'yar nan, ba a gyara wa babba rawani a tsakiyar kasuwa. Na koma ina kai maganata ofis mu biyu, abin da ya gagara a shekara ya yiwu a zango ɗaya.

Saboda haka ki nemi ganin shugabarki a wannan makon, kada ki bari ya wuce. Masu tuƙin jirgi suna da wani lissafi: idan ka kauce da digiri 1 kacal, bayan tafiyar kilomita 60 ka yi nisan kusan kilomita 1 daga inda ka nufa. Yanzu ratar da ke tsakaninku taku ɗaya ce. Idan kika yi shiru kina cin rai, ita ma ta yi shiru tana zaton kin gane, nan da wata shida sai an yi kira da ƙarfi kafin a ji juna. Ki shiga da fara'a, ki fara da godiya a kan yabon da ta yi miki, don ta yi, kin faɗa da bakinki. Sannan ki ce mata wani abu kamar haka: "I noticed you described my views as divergent from the team's. Could you give me an example, and tell me whether it is something you would like me to change?" Wato kin lura ta ce ra'ayinki ya rabu da na abokan aiki, ta ba ki misali, ta kuma faɗa miki ko abu ne da take son ki canza. Shi ke nan, sai ki yi shiru ki saurara. Kada ki kare kanki tun ba ta gama ba. Abin da kike son ki fito da shi ɗaya ne: ra'ayin ne matsalar, ko yadda kike faɗinsa? Idan ta ce yadda kike faɗa ne, wannan gyara ne mai sauƙi, kin kuma ci riba da kika ji shi tun da wuri. Idan ta ce ra'ayin ne, to ku zauna a kansa.

Kada kuma ki je da baki kawai. Ki tafi da tayin da ba zai ci musu kuɗi mai yawa ba: a zaɓi ƙauyuka biyu masu kama da juna, a yi wata guda, ɗaya a yi taron safe a asibiti, ɗaya a shiga gida-gida da yamma, a ƙirga matan da aka samu da waɗanda suka zo awo daga baya. Ƙungiyoyi irin taku da alƙaluma suke jin magana. Idan tsarinki ya fi, takarda za ta yi miki gardamar da kike yi da baki. Idan bai fi ba, ki karɓa da hannu biyu, su ma su ga ke mai neman abin da zai amfani matan ce, ba mai neman a ce ta yi nasara ba. A nan ne za ki ciro kalmar da na ce ki ajiye, ki ce mata, "I think our views can converge if we test both." Wato ra'ayoyinku za su iya haɗuwa idan aka gwada duka biyun. Za ta gane kin fahimci abin da ta rubuta sarai.

Yawancin irin waɗannan takardu suna da gurbin da ma'aikaci yake rubuta nasa bayanin kafin ya sa hannu. Idan taki tana da shi, kada ki cike shi sai bayan kun gana, kuma ki taƙaita, layi biyu ko uku, ba zafi a ciki. Abin da aka rubuta yana zama a fayil bayan fushi ya daɗe da wucewa.

Maganar ajiye aiki kuwa, ki bar ta. Ba wanda ya ce zai kore ki. Mutum ɗaya ce ta faɗa, ita ma ba ita take sabunta kwantiragi ba, kuma ta nuna ba ta san kalmar ba. Yadda aiki yake wuya a yau, sakin na hannu don tsoron abin da bai faru ba ganganci ne. Ki ɗauko takardar kwantiraginki ki karanta abin da ta ce game da sabuntawa da wa'adin sanarwa, don ki san matsayinki da idonki, ba ta bakin wani ba. Ita kuma ƙawar taki, ba na cewa mugunta ta yi, wataƙila iya abin da ta sani ke nan. Amma takardar auna ƙwazo sirri ce tsakaninki da shugabarki, daga yau ki daina nuna ta a ofis. Tun da kin riga kin nuna mata, ki sa a ranki zancen zai iya zagayawa, wani dalilin ke nan na yin sauri ki je da kanki kafin wani ya kai labarin cewa kina fushi.

Abu ɗaya zan roƙe ki saboda gaba. Fassarar waya ta layi ɗaya ita ce ta jefa ki a wannan hali, ta ba ki ma'ana tsirara ba ta nuna miki inda kalmar take zama ba. Ki nemi ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford da A. S. Hornby ya assasa, wanda yake kawo jimlolin misali a ƙarƙashin kowace kalma, akwai shi a intanet. Duk kalmar da ta tsorata ki, ki karanta misalanta biyar kafin ki yanke mata hukunci, ki ga da waɗanne kalmomi take tafiya, a bakin wa take fitowa. Da kin yi haka ranar nan, da kin ga ra'ayi da hanya da manufa ne abokan tafiyarta, babu ɓarawo ko ɗan iska a cikinsu.

Tunda za ki furta ta a gabanta, gaɓa uku ce: dai, vaa, jent. Ƙarfin murya a kan ta tsakiya yake, ki ja ta kaɗan, kuma harafin "g" a nan kamar "j" ɗinmu yake fita, irin na "jaka". Ki maimaita ta sau uku a gaban madubi kafin ki fita. Idan kin dawo daga ganawar ki rubuto mini abin da ta ce, musamman misalin da ta ba ki.